Jarumi Mai Rauni a Wasan Dungeons & Dragons: Yadda 'Yan Majalisa Za Su Gyara Shi da Kansu

Duk wanda ya daɗe yana buga Free Fire ya san labarin Chrono. A watan Disamba na 2020 kamfanin Garena ya fito da wannan jarumi tare da haɗin gwiwar Cristiano Ronaldo, kuma garkuwarsa ta zo da ƙarfin da ya sa 'yan wasa suka yi ta tururuwa zuwa gare shi. A 2021 kamfanin ya rage masa ƙarfi a cikin sabuntawa. Haka tsarin yake a wasannin waya: idan wani jarumi ya fi ƙarfin sauran, ko kuma ya yi rauni har ba mai ɗaukarsa, kamfani ne ke gyarawa, 'yan wasa kuwa sai jira.

Akwai wani nau'in wasa da ba a jiran kamfani. Ana zama ne a kewaye tabarma ko teburi, da takarda da biro da dayis, mutum ɗaya yana jan labari, sauran suna taka rawar jarumai. A irin wannan wasa, idan jarumin wani ya zama ɗan rakiya, waɗanda ke zaune a wurin ne za su yanke yadda za a gyara shi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga matasan Arewa. A wasan Whot, wata majalisar ta yarda a tare katin 2 da wani katin 2, wata kuma ba ta yarda ba. A wata majalisar ana iya gama wasa da katin 20, a wata haramun ne. Lidon da ake bugawa a kan allo sau da yawa da dayis biyu ne, alhali Ludo King na waya ɗaya yake amfani da shi. Kowace majalisa da ƙa'idarta.

Sai dai gyara jarumi ya fi canja dokar kati wuya, domin idan aka yi shi da ka, ana iya warkar da mutum ɗaya a raunata huɗu. Mafi shaharar misali a duniyar waɗannan wasanni shi ne Ranger, wato maharbi, na Dungeons & Dragons, kuma labarinsa na koyar da abu ɗaya muhimmi: kafin a ƙara wa jarumi ƙarfi, a fara gano ainihin inda ciwon yake.

Mene ne Dungeons & Dragons?

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙirƙiro wasan, aka fara buga shi a Amurka a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi kuma Hasbro ya sayi Wizards a 1999. Bugu na biyar, wanda ya fi kowanne yaɗuwa, ya fito a 2014, aka kuma sabunta littattafansa a 2024. Masu kallon Stranger Things sun ga yaran fim ɗin suna buga shi, kuma wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da ya fito a 2023 a kan dokokinsa aka gina shi.

Tsarin ya yi kama da tatsuniya, amma wadda masu sauraro ke da bakin magana a cikinta. Jagoran wasa yana bayyana inda ake da abin da ke faruwa. Kowane ɗan wasa yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Idan abin yana da haɗari, sai a jefa dayis mai fuska 20, a haɗa da makin jarumin, a ga ko ya kai adadin da ake buƙata. Ba kuɗi ake sawa ba, kuma ba a cin juna: duk 'yan wasan ɓangare ɗaya suke.

Kowane jarumi yana da rukuni, wato sana'arsa a cikin labari. Littafin 'yan wasa na 2014 yana da rukunai 12, daga ciki akwai mayaƙi, ɓarawo mai sanɗa, mai siddabaru, mai warkarwa, da maharbi. Jarumi yana hawa daga mataki na 1 zuwa na 20, kuma kowane mataki yana buɗe masa sabuwar baiwa. A lokacin faɗa, idan layi ya zo kan mutum, yana da babban motsi ɗaya, kamar kai hari, da kuma ƙaramin motsi ɗaya idan yana da baiwar da ke amfani da shi. Wannan rabon motsi shi ne ginshiƙin duk bayanin da ke tafe.

Me ya sami Maharbi?

A ce matasa biyar a Horo Birni, cikin ƙaramar hukumar Shagari, sun shirya wasa. Jagoransu ya kafa labarin a zamanin Kanta na Kabi, da ganuwar Surame da ayarin fatake. Ɗaya daga cikinsu ya taso yana ganin mafarauta suna fita da karnuka lokacin rani, don haka ya zaɓi maharbi mai kare. A takarda, babu jarumin da ya fi dacewa da labarin. A wajen wasa kuwa, dokokin 2014 za su ba shi matsaloli huɗu.

Na farko, a mataki na 1 maharbi yana zaɓar nau'in abokin gaba da ya ƙware a kansa, misali namun daji ko dodanni. Abin da yake samu shi ne sauƙin bin sawunsu, da tuna bayani a kansu, da koyon yarensu idan suna da shi. Ba ya samun ƙarin ƙarfin bugu ko kaɗan a kansu sai ya kai mataki na 20. Idan kuma jagora bai kawo wannan nau'in a labari ba, baiwar ta zama ado.

Na biyu, yana zaɓar irin ƙasar da ya sani guda ɗaya: daji, hamada, tsauni, fadama, filin ciyawa da sauransu. Ɗan wasan Horo Birni zai zaɓi filin ciyawa, tunda shi ya sani. Da zarar labari ya shiga cikin birni ko kogo, baiwar ta kwanta barci. Abin da ya fi haka ciwo shi ne abin da ke faruwa idan baiwar ta yi aiki. Doka ta ce ayarinsa ba zai ɓata hanya ba sai da sihiri, kuma yana samo abinci ninki biyu. Tunda babu haɗari, jagora sai ya ce "kun isa lafiya" ya wuce. Wato a daidai wurin da ya kamata maharbi ya haska, nan ne ake tsallake labarin.

Na uku, a mataki na 3 yana iya ƙona ɗaya daga cikin 'yan guraben siddabarunsa don ya ji ko akwai wasu halittu na musamman a cikin mil ɗaya. Amsar da zai samu ita ce e ko a'a. Ba a gaya masa inda suke ko yawansu.

Na huɗu, kuma mafi girma, shi ne dabbar. Maharbin da ya zaɓi reshen mai dabba yana samun ƙaramar dabba a mataki na 3, kuma kafin ta kai hari sai ya kashe babban motsinsa wajen ba ta umarni. Jininta shi ne nata na asali ko matakin maharbi sau 4, duk wanda ya fi yawa. Idan ta mutu, sai ya ɓata awa 8 yana sabawa da wata.

Abin da lissafi ya nuna

A nan ne yawancin majalisu ke kuskure. Da an ji ɗan wasa yana ƙorafi, sai a ce a ƙara masa ƙarfin kibiya. Lissafi ya nuna kibiyar ba ta da laifi.

A ɗauki maharbi a mataki na 5, mai dogon baka, mai makin zafin nama 18, wanda ya zaɓi salon harbi. Yana ƙara 9 a kan dayis ɗinsa. Idan sulken abokin gaba 15 ne, yana buƙatar 6 ko sama, wato yana samu sau 75 cikin 100. Kowace kibiya tana cire 8.5 a matsakaici, kuma yana harba biyu. Idan aka ajiye sa'ar bugun ninki a gefe, jimilla 12.75 ke nan a kowane zagaye. Mayaƙi mai baka a wannan mataki ma haka yake samu, sai dai yana iya ninka harinsa sau ɗaya kafin ya huta.

Maharbi kuma yana da wata dabara mai suna Hunter's Mark, wadda ke sa wa abokin gaba alama, ta ƙara dayis mai fuska 6 a kan kowace kibiyar da ta same shi. Da ita kowace kibiya ta koma 12, jimilla ta koma 18 a zagaye. Wannan adadi ba na mai rauni ba ne.

Yanzu a shigo da dabba. A ce ya ɗauki lissafin kyarkeci ya kira shi karen farauta. A mataki na 5, idan ya umarci karen ya kai hari, shi kansa kibiya ɗaya kawai zai harba, wadda ke ba da 9 a matsakaici. Cizon karen yana cire 10, kuma yana samu sau 65 cikin 100, wato 6.5. Jimilla 15.5. Ko da karen ya sami taimakon abokin da ke kusa da abokin gaba, wanda ke ba shi damar jefa dayis biyu ya ɗauki babba, jimillar 17.8 ce. Ma'ana, maharbin da ya yi watsi da karensa ya harba kibiya biyu ya fi wanda ya yi amfani da shi. Cizon yana iya kayar da abokin gaba ƙasa, wannan riba ce, amma ga mai baka ba ta da daɗi, domin harbin wanda ke kwance daga nesa ya fi wuya.

Ga kuma batun jini. Karen yana da 20 a mataki na 5. Ƙwallon wuta, wanda masu siddabaru ke fara jefawa a daidai wannan mataki, yana cire 28 a matsakaici ga wanda bai kauce ba. Jifa ɗaya, kare ya tafi.

Saboda haka ciwon maharbi iri uku ne: baiwar da ba ta cika tashi ba, baiwar da idan ta tashi take kashe labari, da baiwar da farashinta ya fi amfaninta. Ƙarin maki a kan kibiya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Yadda kamfanin ya yi ta gwadawa

Wizards of the Coast da kansa ya amince da matsalar. A watan Satumba na 2016 ya fitar da gwajin sabon maharbi a jerin takardunsa na Unearthed Arcana, inda ya bayyana cewa binciken ra'ayin 'yan wasa ya nuna rashin gamsuwa sosai da rukunin. Sabon tsarin ya ba maharbi ƙarin maki 2 na bugu a kan abokin gaban da ya zaɓa, ya sa sanin ƙasa ya yi aiki a ko'ina, ya ba shi fifiko wajen fara motsi a faɗa, dabbar kuma ta sami nata layin.

'Yan wasa da yawa sun so shi, amma ya zo da nasa aibin. An tara kyawawan baiwoyi a mataki na 1, kuma wasan yana ba da damar haɗa rukunai biyu. Don haka ɓarawo mai sanɗa ko mayaƙi zai iya ɗaukar mataki ɗaya tak na maharbi ya kwashe garaɓasar ya koma sana'arsa. Wannan gwaji bai taɓa shiga littafi a matsayin doka ba.

A watan Nuwamba na 2020 littafin Tasha's Cauldron of Everything ya zo da wasu baiwoyi na zaɓi. Maimakon ƙasa ɗaya, maharbi yana ninka ƙwarewarsa a fanni ɗaya, daga baya ya sami ƙarin sauri da iya hawa da iyo. Dabbar ta koma wadda ake umarta da ƙaramin motsi, jinin ta ƙasa ya zama 5 haɗe da matakin maharbi sau 5, kuma ana iya tayar da ita idan ba ta wuce awa ɗaya da mutuwa ba.

A littafin 2024 kuma aka ɗora rukunin a kan Hunter's Mark. Maharbi yana da ita tun daga mataki na 1, yana iya amfani da ita sau biyu ba tare da ƙona gurbi ba, adadin kuma yana ƙaruwa da hawan mataki. Wannan ma bai kashe muhawara ba, domin dabarar tana buƙatar riƙe hankali, kuma jarumi abu ɗaya kawai yake iya riƙewa a lokaci guda, don haka tana hana shi amfani da wasu dabarunsa.

Shekara goma, gyara uku, daga mutanen da wannan ne aikinsu. Majalisar da ta yi gyara ɗaya bai zauna daidai ba, ba ta yi abin kunya ba.

Ƙa'idoji biyar da majalisa za ta iya gwadawa

Waɗannan shawarwari ne ga masu amfani da dokokin 2014. Ba a ɗaukarsu duka rana ɗaya.

Ta farko: abokin gaba ya zama abin da ake iya canjawa. Idan maharbi ya ɓata awa ɗaya yana nazarin sawu, ko gawa, ko sansanin da aka tashi, zai iya mayar da ƙwarewarsa kan wannan nau'in bayan dogon hutu. Wannan bai ƙara masa ko maki ɗaya na bugu ba, amma ya sa baiwar tana tashi a kowane labari, ya kuma ba shi dalilin tsayawa ya duba ƙasa kamar mafarauci na gaske.

Ta biyu: ƙasa ta zama abin da ake koya. Bayan kwana uku na tafiya a sabon yanayi, maharbi ya san shi. A madadin haka, a cire tabbacin cewa ba za a ɓata ba. A bar shi ya jefa dayis biyu ya ɗauki babba, kuma jagora ya sa wa tafiyar abin da za a iya rasawa: ruwan salka da ke ƙarewa, 'yan fashin da ke biye da ayari, gulbin da ya cika ya rufe mashigi. Wanda damarsa rabi da rabi ce, dayis biyu na kai shi 75 cikin 100. Zai fi kowa iyawa, kuma kowa zai ga ya iya.

Ta uku: a umarci dabba da ƙaramin motsi, a kuma ɗauki lissafin jini na 2020. A mataki na 5 karen zai sami 30 maimakon 20. Kibiya biyu da cizo ɗaya sun ba da 19.25 a zagaye. Idan ya sa alama a zagayen farko, daga na biyu zai kai 24.5. Kafin a ce ya yi yawa, a kwatanta da ɗan'uwansa na ɗaya reshen, mafarauci marar dabba, wanda ke iya ƙara dayis mai fuska 8 sau ɗaya a zagaye a kan wanda ya riga ya ji rauni: shi yana kai wa kusan 22. Tazarar ba ta da yawa. Kuma akwai birki a ciki, domin sa alama da umartar kare duk ƙaramin motsi suke ci, sai ya zaɓi ɗaya a kowane zagaye.

Ta huɗu: dabba kada ta mutu nan take. Idan jininta ya ƙare, ta faɗi sumammiya, a jefa mata dayis na rai da mutuwa kamar yadda ake wa jarumai. Wannan ba ya canja lissafin faɗa sosai, amma yana cire tsoron da ke sa ɗan wasa ya riƙa ɓoye karensa a bayan kowa.

Ta biyar: a ba shi Hunter's Mark kyauta sau biyu tsakanin dogon hutu da dogon hutu, kamar tsarin 2024. Wasu majalisu suna wuce nan su cire mata sharaɗin riƙe hankali gaba ɗaya. Wannan yana da haɗari, domin yana ba da damar ɗora dabaru a kan juna. Idan za a yi, a ajiye shi sai mataki na 5 ko sama na maharbi zalla, don kada a maimaita abin da ya faru da gwajin 2016.

Ba kowane rauni ne iri ɗaya ba

Maganin maharbi ba zai yi wa kowa ba. Rukunin Monk, mai faɗa da hannu, shi ma an daɗe ana kuka da shi a dokokin 2014, amma ciwonsa daban ne. Manyan dabarunsa suna cin wani maki da yawansa daidai yake da matakinsa, kuma makin yana dawowa ne bayan gajeren hutu na awa ɗaya. A majalisar da jagora ba ya ba da damar hutu tsakanin faɗa da faɗa, wannan jarumi zai ƙare da wuri ya koma kallo. Gyaransa na farko ba ya buƙatar taɓa takardarsa: a tabbatar ana samun gajeren hutu a ranar labari. Littafin 2024 ya ɗaga dayis ɗin naushinsa na farko daga fuska 4 zuwa 6, kuma majalisa na iya aron wannan.

Wani lokacin ma ciwon ba a doka yake ba. Idan jagora yana son labarin fada da siyasar sarauta, maharbi zai yi zaman banza ko da an ba shi kibiyar zinariya. A nan gyaran shi ne jagora ya sa tafiya ɗaya ta daji a cikin kowane zama biyu, ko kuma tun farko ya gaya wa kowa irin labarin da za a yi kafin a zaɓi jarumai.

Yadda ake gwaji ba tare da rigima ba

Matakin farko shi ne ƙirga. A zama biyu ko uku, wani ya riƙa rubuta sau nawa kowane ɗan wasa ya yi amfani da baiwar rukuninsa, sau nawa ya faɗi a faɗa, da kuma sau nawa shawararsa ta juya labari. Idan mai siddabaru ya yi amfani da baiwarsa sau goma maharbi sau ɗaya, an ga ciwon. Idan adadin ya yi kusa, wataƙila ɗan wasan dayis ne kawai ya juya masa baya a makon.

Na biyu, a tambayi mai jarumin abin da ya zo nema. Wani so yake karensa ya yi suna, wani so yake ya zama idon ayari. Gyaran da bai taɓa burinsa ba ɓata lokaci ne.

Na uku, canji ɗaya a lokaci ɗaya, na tsawon zama uku. Idan aka canja abu huɗu tare, ba za a san wanne ya yi aiki ba, wanne ya ɓata.

Na huɗu, a duba maƙwabta. Idan sabuwar ƙa'ida ta sa maharbi ya fi ɓarawo iya sanɗa, ko ya fi mayaƙi bugu a kowane hali, an ɗauke ciwon ne daga wani aka ɗora wa wani.

Na biyar, a yanke ƙa'ida kafin a fara zama, da yardar kowa, kuma a faɗa tun farko cewa gwaji ne, ana iya janyewa. Janye ƙarfi daga hannun mutum ya fi ba shi wuya. Ƙa'idar kuma ta hau kan rukuni, ba kan mutum ba: duk wanda ya ɗauki maharbi gobe, haka zai same ta. Idan mai jarumin ƙanen jagora ne ko amininsa, wannan sharaɗi shi ke rufe bakin masu cewa an yi son kai.

Inda waya ke shigowa

Ba sai an sayi littafi ko dayis daga waje ba kafin a fara. Ana karanta ainihin dokokin wasan kyauta a shafin D&D Beyond, wanda Hasbro ya saya a 2022, kuma yana da manhajar waya mai ajiye takardar jarumi. A watan Janairu na 2023 kamfanin ya saki babban kundin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa damar kwafa, fassarawa da gina nasa a kai, muddin ya ambaci tushen. Duk mai son mayar da dokokin zuwa Hausa, ƙofa a buɗe take.

Ga dayis, injin binciken Google yana da majefin dayis mai fuska 4 har zuwa 20, kuma akwai ƙananan manhajoji da ke aiki ba tare da data ba. Shafin AnyDice yana lissafa yiwuwar kowane haɗin dayis, don haka ana iya auna sabuwar ƙa'ida kafin a kawo ta majalisa. Google Sheets ya isa ajiye ƙirgar da aka ambata a sama. Idan wani ɗan majalisa ya tafi karatu Sakkwato ko Zariya, ana iya ci gaba da wasa ta Discord ko Roll20, ko ma ta kiran murya idan sabis ya yi ƙasa.

Mafi amfani a cikinsu duka shi ne zauren WhatsApp na majalisar. A rubuta kowace ƙa'ida a bayanin zauren, da ranar da aka amince da ita da ranar da za a sake dubawa. A yi amfani da ƙuri'ar WhatsApp wajen yanke hukunci. Ƙa'idar da ke rubuce ba ta canja kama a tsakiyar faɗa, lokacin da ran kowa ya ɓaci.

Abin da ake karewa a duk wannan ba lissafi ba ne. Wasan yana buƙatar mutum huɗu ko biyar su ware yammacinsu mako bayan mako, kuma wanda ya yi zama uku yana kallon wasu suna haskawa, a na huɗu zai ce yana da uzuri. A gari kamar Horo Birni ko Bodinga, samun wanda zai maye gurbinsa ba kamar danna maɓallin neman abokin wasa a Free Fire ba ne. Majalisar da ta ƙirga, ta gano ciwon, ta canja abu ɗaya ta gwada, ita ce za ta ga maharbinta ya dawo mako mai zuwa da karensa.